“Madalla” ba ta isa shaida a cinikin intanet

Duk wanda ya taɓa tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, don kawai ya ga hoton shadda ko na waya a Facebook ko Jiji, ya san abin da ido ke fara nema: me waɗanda suka riga shi saye suka ce? Karanta waɗannan maganganu shi ne aikina. Ina kula da sashen shaidar masu saye a wata kasuwar intanet da ƙananan 'yan kasuwa ke sayar da yadi da takalma da turare da wayoyi na hannu, kuma yawancin abin da ke wucewa ta gabana bai fi kalma biyu ko uku ba. “Madalla.” “Ba matsala.” “Allah ya ƙara kasuwa.” Wani ma hoton babban yatsa zai ɗora ya yi gaba.

Addu'a ba ta da laifi, amma ba ta gaya wa mai saye na gaba ko turmin atamfar ya cika yadi shida, ko ta zuba a wankin farko, ko kayan da aka ce zai iso Laraba sai da ya kwana tara a tasha. A Kantin Kwari mutum zai warware yadi ya shafa, ya ɗaga shi ga haske. A waya ba shi da komai sai bakin mutane.

Dalilin da ya sa masu kasuwannin intanet ke kafa ƙa'idar mafi ƙarancin rubutu ke nan: ba a karɓar shaidarka sai ta kai haruffa kaza ko kalmomi kaza. TripAdvisor ta daɗe tana neman haruffa 200 ga mai rubutu kan otal, 100 ga gidan abinci. Amazon ta taɓa gindaya kalmomi 20, daga baya ta janye, har a 2019 ta fara barin mutum ya danna taurari kawai ba tare da ya rubuta ko harafi ba. Ita kuwa eBay, wadda ta buɗe tsarin shaida tsakanin mai saye da mai sayarwa tun 1996, rufi ta sa maimakon ƙasa: a da, shekara da shekaru ba ka iya wuce haruffa 80. Manyan ma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, don haka kada wani ya ce maka akwai adadin da aka yanke.

Ga abin da nake gani idan aka ɗaga ƙa'idar. Wanda ya saba rubuta “Madalla” ba ya komawa mai bayani, cikawa yake yi. Sai ka ga “kaya ya yi kyau kyau kyau kyau”, ko ɗigo-ɗigo jere har layi ya cika. Mai ladabi kuma ya fara da sallama, ya gaida shugabannin kasuwa, ya yi wa Alhaji mai shago fatan Allah ya ja kwana, ya rufe da bissalam. An cika haruffa, na'ura ta karɓa, amma ka karanta daga farko har ƙarshe ba za ka san ko takalmi ya saya ko turare ba.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ƙa'idar ke kora. Akwai matan aure da ke sayen kaya masu yawa, duk cinikinsu da saƙon murya suke yi. Akwai dattijon da ya iya ajami sarai amma boko na yi masa nauyi. Akwai wanda duk kalmar Hausa da ya rubuta sai wayar ta juya masa ita zuwa Turanci, ya goge ya sake, a karo na uku ya haƙura. Galibi su ne suka fi sanin kaya, kuma su ne suke fara yin shiru.

Dama can mai ƙorafi ba ya son magana. Na kira wata baiwar Allah da aka aika wa leshi ba kalar da ta zaɓa ba, na ce, “Hajiya, da kin rubuta abin da ya faru, ko don na baya.” Ta ce, “A'a Malam, ƙyale shi. Kada in zama sanadin toshe wa wani hanyar abinci.” Kara ce, kuma ban ga laifinta ba. Ba mu kaɗai ke da wannan ba: binciken da Paul Resnick da Richard Zeckhauser suka wallafa a 2002 ya nuna kusan kashi 99 cikin 100 na shaidar masu saye a eBay yabo ne, kuma tsoron ramuwar gayya na cikin abin da ya sa a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida. To mutumin da kunya ta riga ta riƙe wa hannu, idan aka ƙara masa da sai ya cika layi huɗu, an ba shi uzurin tafiya.

Mai damfara kuwa tsawo ba ya ba shi tsoro. Shi ke da lokacin zama ya tsara wa kansa yabo da layukan waya daban-daban, yanzu ma manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta zubo masa kalmomi 200 kafin ya kurɓi shayi. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta fitar da dokar hana shaidar bogi, ta kuma ambaci wadda na'ura ke rubutawa. Idan na ga yabo mai tsawo, sumul, babu sunan kaya, babu rana, babu ko ɗan aibi, nan nake ƙara buɗe ido.

A ganina wuri ɗaya ne ƙa'idar ta zama dole, wato wajen zargi. “Ɓarawo ne” kalma biyu ce, tana iya rushe shagon da aka yi shekaru ana ginawa, kuma ɗan hamayya ma zai iya rubuta ta. Mai zargi sai ya faɗi abin da ya saya, nawa ya biya, me aka yi masa alkawari, me ya gani. Mai yabo kuwa a sassauta masa adadi, a yi masa tambaya maimakon ƙirga: me ka saya, kwana nawa ya yi a hanya, ya yi daidai da hoton? Wanda rubutu ke wahalarwa a karɓi muryarsa, a rubuta masa, a karanta masa ya amince.

Ga irin shaidar da nake so in gani: “Na sayi shadda yadi biyar, ta iso Gusau a kwana uku. Kalar ta ɗan fi ta hoton duhu, na yi magana mai kayan ya rage mini dubu biyu.” Layi biyu ne, amma mai saye na gaba ya san hanya, ya san kaya, ya san halin mutumin idan an samu saɓani.

Kada ka rubuta shaida ranar da ka tura kuɗi, ko da mai kaya ya roƙe ka. Bari kaya ya zo hannu, waya ta kwana biyu ka ga batirinta. Kada ka sa lambar wayar kowa ko lambar asusunsa a ciki. Ka ajiye rasit ɗin banki da hirarku da hoton da aka tallata maka, domin idan magana ta wuce hannunmu ta kai gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ko ofishin 'yan sanda, su za a fara tambayarka.