Kafin ka ɗauki kyamara zuwa ƙasar da ba ka jin harshenta

Sana'ata ba da umarni a fina-finan dokumentari, kuma wannan jan hankali ne ga abokan aiki, musamman matasan da suka fara samun kwangila a ƙasashen waje.

Na yi aiki a Madina Baye da ke Kaulaha a ƙasar Senegal, garin Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975. Bahaushe ba ya rasa abokin hira a can: 'yan'uwanmu sun cika wurin, malamai kuma suna jin Larabci. To, a nan haɗarin yake. Tun ba ka ankara ba kyamara za ta riƙa bin waɗanda kake fahimta, ta bar matan da ke kwana a bakin murhu suna dafa wa baƙin Maulidi abinci, ta bar masu keken doki, don su Wolof suke yi. Sai ka dawo gida da fim ɗin baƙi, babu masu gari a ciki.

Tafinta shi ne kunnenka, amma shi ma mutum ne mai kunya. Dattijuwa za ta yi dogon bayani har muryarta na rawa, ya juyo ya ce maka, "Ta ce sun gode Allah." Ba ha'inci ba ne. Almajiri ne a gaban sa'ar kakarsa. Tambayar da ya ga ta yi nauyi zai sassauta ta, amsar da ya ga ta taɓa sirrin gida zai taƙaita ta. Don haka ka zaunar da shi tun kafin a fita, ya san abin da fim ɗin ke nema. Idan ana magana kada ka katse don jin fassara. Bar kyamara ta yi ta ɗauka, kai ka dubi fuska. Kafin a shiga tace hoto kuwa, a ba wani mai jin harshen, wanda bai halarci ɗaukar ba, ya rubuta duk abin da aka faɗa, ba ragi.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya koma Ayoru ya nuna wa Sarkawa fim ɗin da ya yi kan farautar dorina. Suka ƙi amincewa da kiɗan da ya saka, don a wurinsu kiɗa zai ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Ba tafintan da zai gaya masa haka a bakin kogi. Sai da masu abin suka gani da idonsu.

Takardar amincewa ma abin lura ce. Sau da yawa da Faransanci ake rubuta ta, mai sa hannu kuma bai karanta ba. A bayyana masa da harshensa inda za a nuna fim ɗin, a naɗi amsarsa.

Ina roƙon masu ɗaukar nauyin aiki su ware kuɗin mai fassara na biyu da na komawa a nuna wa mutanen fim ɗinsu, tun a kasafin farko. Kai kuma darakta, ka rubuta sunan tafintanka cikin manyan ma'aikata.