Amsar Tambaya: Dukushi Ya Fara Hawan Uwarsa

Tambaya: Ingarmana da goɗiya da ɗansu barga ɗaya suke. Dukushin ya shekara, yana hawan uwarsa, ingarman kuma yana cizonsa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, raba su yau. Dukushi ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni yana iya yi wa goɗiya ciki, kuma a wannan sha'ani doki bai san uwa ba. Cizon nan kishi ne. A daji ingarma kan kori 'ya'yansa maza in sun tasa, a barga kuwa ina wurin gudu? Lokacin barbara goɗiya kan nemi namiji kusan duk kwana 21, cikinta wata 11 ne. Kafa wa dukushin turke inda zai hango su. In ba iri kake so ba, kira likitan dabbobi ya dandaƙe shi.