Darasi: "Ruwan Garin Ne Bai Karɓe Shi Ba"

'Yan'uwa manoma, kowace shekara wasu daga cikin ƙungiyoyinmu na ƙasar Bagudo sukan ƙetare iyaka ta Tsamiya ko ta Lolo, su shiga ƙasar Benin neman gona. Wasu sukan zauna Segbana, wasu Kandi, wasu Malanbil a bakin Kwara, su yi shekaru da iyalinsu. Tun ba a daɗe ba sai ciki ya ɓaci, a ce, "Ruwan garin ne bai karɓe shi ba, zai saba."

Rabin maganar gaskiya ne. Cikin da ya tashi da tuwon gero da na dawa yakan kumbura in ya gamu da sakwara da garin rogo da manja kullum. Wannan yakan wuce. Mu tafi da ɗan hatsi daga gida, mu riƙa cin baƙon abinci kaɗan kaɗan.

Amma zawo kamar ruwa ba a saba da shi, gama ƙwayoyin cuta ne daga kashin mutum suka shiga rijiya ko rafi. Tilas a dafa ruwan sha, a bar shi yana tafasa minti 1, a rufe randa, a ware mata moɗa. In itace ya yi wuya, akwai Aquatabs: ƙwayar da aka yi domin jarka mai lita 20, a jefa ɗaya a jira minti 30. Kada mu dogara ga tacewa da ƙyalle. Domin kurkunu aka koya mana ita, kurkunu kuwa an tabbatar ya ƙare a Benin a 2009, a Nijeriya a 2013. Ƙwayoyin zawo suna ratsa ƙyalle.

Wagashi, cukun Fulanin can, a soya ko a dafa tukuna. Rogo mai ɗaci kuwa yana da dafi. A ɓare, a jiƙa kwana 3 zuwa 4 kafin a shanya.

In zawo ya kama mutum, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta dafaffen ruwa, ya yi ta kurɓa. Uwa kada ta daina ba da nono. In an ga jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idon yaro ya faɗa, sai asibiti mafi kusa a ranar. Ba lokacin jiran motar gida ba ne.

A taro mai zuwa a kawo cokali da kwalba, kowane mai shirin tafiya ya haɗa wannan ruwa a gabanmu.