Kuskure, Sakaci da Ganganci: Misali Daga Tseren Motoci

Kalmomin nan uku sukan zo tare a bakin Bahaushe idan ana maganar haɗarin mota, har a ɗauka ma'anarsu ɗaya. A ganina ba haka ba ne. Abin da ya raba su shi ne sani. Mai kuskure bai san ya kauce ba. Mai sakaci ya san abin da ya wajaba, amma ya bar shi. Shi kuwa mai ganganci yana kallon haɗarin ya tunkare shi.

Bari mu gwada wannan da tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, yana ratsa ƙasar Nijar ta Agadas. A watan Janairu 1988, tsakanin Jado da Agadas, wata babbar mota ta kamfanin DAF ta haye tudun rairayi tana gudun kusan kilomita 180 a awa ɗaya. Ta yi ta ƙundumbala, mai nuna wa direba hanya, watau Kees van Loevezijn, ya faɗo waje ya mutu, kamfanin kuma ya janye daga tseren. To, wace kalma ta dace? Rashin gane tudun kuskure ne, domin sararin Tenere yakan yaudari ido. Amma kai mota mai nauyi haka ga wannan gudu a inda ba a san ƙasa ba, an zaɓe shi ne da gangan, kuma ba direba kaɗai ya zaɓa ba, har da waɗanda suka ƙera ta domin haka. Daga baya an ƙayyade gudun manyan motoci a tseren.

A shekarar ce kuma motar tsere ta kaɗe wata yarinya a garin Kita na ƙasar Mali. Ɗan tsere ya yarda da haɗari kafin ya shiga mota. Ita ba a tambaye ta ba.

Akwai kalma ta huɗu, tsautsayi, wadda ake cewa ba ya wuce ranarsa. Aikinta lallashin wanda aka yi wa rashi ne, amma sau da yawa da ita ake lulluɓe sauran ukun. A unguwarmu Gama na sha ganin samari suna wasan mota ranar ɗaukar amarya, yara suna bakin titi. Kafin a buge wani, dattawa ganganci suke kiran abin. Da an buge, sai ka ji an ce tsautsayi ne.