Zuwa Salala da Iyali: Shawarwari Kan Kwarin Darbat da Gaɓar Tekun Zufar

A kudancin ƙasar Oman, kusan kilomita 1,000 daga Maskat, akwai wani fili shimfiɗaɗɗe da duwatsu suka yi wa zobe ta baya, tekun Larabawa kuma ta tare shi ta gaba. Nan garin Salala yake, hedikwatar lardin Zufar. Daga ƙarshen watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafi ke gasa Riyad da Dubai da Doha, iskar teku takan kwaso hazo da yayyafi ta jibge a kan duwatsun nan. Ciyawa ta tsiro, kwaruruka su cika da ruwa, sanyi ya sauka har mutum ya nemi mayafi. Mutanen wurin suna kiran wannan lokaci harif. Ga iyalin da Allah ya hore wa halin zuwa, ko waɗanda ke zaune a ƙasashen Larabawa suna neman inda za su kai yara hutu, ga abin da ya kamata a sani.

1. Ku fara da tambayar me kuka je gani, domin amsar ce za ta zaɓa muku wata. Balaraben Kuwait da ya shekara bai ga ɗigon ruwan sama ba yana iya tsayawa cikin yayyafi yana murna har magariba. Mu kuwa a watan Agusta damina ce tsababa a gida, kore ba baƙonmu ba ne. Abin da zai burge mutumin Kano ko Maraɗi shi ne ganin dutse ya gangaro har ya tsoma ƙafa cikin teku, da garken raƙuma suna kiwo cikin hazo a bakin ƙorama. In wannan kuke so, da ruwan da ke zubowa daga kan dutse, ku zo a harif, wanda hukuma ke lissafawa daga 21 ga Yuni zuwa 21 ga Satumba. Amma ku sani rana ba ta cika leƙowa ba, teku tana cikin fushi, masauki ya yi tsada, kuma Agusta ne tsakiyar cunkoso. In kuwa yara sun matsa sai sun taka ruwan teku, ku bari sai daga Nuwamba zuwa Maris: sama garau, ruwa kwance, sai dai ciyawar ta bushe. A ganina ƙarshen Satumba ya fi dacewa da mai iyali. Hazo ya fara yayewa, tsaunuka ba su riga sun koɗe ba, jama'a sun koma makaranta da aiki.

2. Riyal ɗin Oman ba na Saudiyya ba ne. Alhazai da yawa sun saba da lissafin Makka, su ji an ce riyal 5 su miƙa ba tare da tunani ba. Riyal ɗaya na Oman ya kusa riyal 10 na Saudiyya, ya kuma haura dala biyu da rabi. Ana raba shi zuwa baisa 1,000, saboda haka in kun ga an rubuta 1.500 a jikin kaya, riyal ɗaya da rabi ake nufi. A zaunar da uwargida da manyan yara a yi musu wannan bayani tun a gida, kafin a shiga kasuwa.

3. Ku kama gida mai ɗakin girki, ku bar ɗakin otal. Iyalan Larabawa haka suke yi, kuma garin cike yake da gidajen haya masu kayan ɗaki da ake bayarwa na kwanaki. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya jiran a buɗe gidan abinci. Ɗan garin kunu, yaji da busasshiyar kuɓewa a cikin jaka suna kashe rigima da yawa. A kama tun watanni kafin tafiya in a harif za a zo, a gama maganar biza kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa.

4. Sai da mota. Wuraren kallo a warwatse suke, wasu gabas wasu yamma, kowanne tafiyar rabin awa zuwa awa guda ko fiye. Ana tuƙi ta hannun dama kamar a Najeriya da Nijar, titunan kuma masu kyau ne, amma abubuwa uku ne ke kayar da baƙo. Na farko hazo: a kan tsauni yakan rufe har ba ka ganin motar da ke gabanka. Na biyu dabbobi, domin raƙuma da shanu suna yawo a sake, sukan tsaya tsakiyar kwalta ba su san da zamanka ba. Na uku mashigar ruwa. A inda titi ya ratsa kwari za ku ga sanduna masu jan fenti a gefe. In ruwa ya kai ja, a tsaya, ko da motar da ke gaba ta wuce lafiya. Wanda bai saba da hanyar dutse ba ya ɗauki direba ɗan gari, kuɗin ba asara ba ne. Lambar neman agaji ita ce 9999, a sa wa kowa a wayarsa.

5. Ku ba Wadi Darbat yini guda cur, kada ku haɗa shi da wani wuri. Yana gabas da Salala, tafiyar kusan kilomita 40, a bayan garin Taƙa. Kwari ne mai faɗi tsakanin tsaunuka, ruwa ya taru a cikinsa ya yi dogon tafki mai launin kore-shuɗi, manyan itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe. A bakinsa akwai wani bangon dutse mai tsayin gaske, wanda in shekara ta yi ruwa sosai sai ka ga ruwa na kwararowa ta kansa fari fat, ya bi ta ƙasa ya nufi teku. Ba kowace shekara yake zubowa da ƙarfi ba, saboda haka kada a yi wa yara alkawarin abin da suka gani a bidiyo.

A sammako. Kafin ƙarfe tara wurin na tsuntsaye ne da makiyaya. Za ku ga raƙumi ya miƙa wuya yana tsinkar ganye, raɓa na ɗiga daga gashin bakinsa, ƙafafunsa sun yi dumu-dumu da jar laka, ɗan taguwa na biye da shi yana santsi. Da azahar ta yi kuwa motoci sun yi layi, neman wurin ajiye mota kaɗai ya isa ya ɓata wa maigida rai. Akwai ƙananan kwale-kwale na haya, wasu da ƙafa ake tuƙa su, wasu da filafili, wasu da inji. Kowa ya sa rigar hana nitsewa, har wanda ya ce ya iya ruwa tun yana yaro a kogin garinsu.

Wanka a tafkin kuma a haƙura. Hukuma takan kafa alluna na gargaɗi a ruwayen Zufar saboda katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya, wadda mun san ta sarai a garuruwanmu na bakin dam da fadama. Ko wasan tsoma ƙafa a hana yara. A zo da tabarmar roba, domin ƙasa a jiƙe take, da takalmi mai kama ƙasa, da leda ta kwashe shara. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo da ke fitowa a harif, wanda ƙaiƙayinsa kan kwana biyu bai lafa ba. Doguwar riga, safa da man shafawa na korar sauro sun wadatar.

6. A bakin teku, shinge shi ne iyaka. Mugsail tana yamma da gari, ita ma kusan kilomita 40: farin rairayi mai tsawo, sannan wani ƙaton dutse da ya yi rumfa, ana ce masa kogon Marnif. A gabansa akwai ramuka a cikin dutsen da ake takawa, an rufe su da ragar ƙarfe. Igiyar ruwa takan shiga ta ƙarƙashi, ka fara jin gurnani a tafin ƙafarka, can sai ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙe duk wanda ke kusa, yara su watse da ihu su sake dawowa. Wannan kallo ya fi armashi a harif, kuma a lokacin ne wurin ya fi haɗari. A Yulin 2022 igiyar ruwa ta share wasu 'yan Indiya masu yawon buɗe ido, har da ƙananan yara, bayan sun tsallake shinge a wannan gaɓa. Teku a nan takan yi shiru na ɗan lokaci sannan ta aiko da babba guda ɗaya. Iyo haramun ne a hukumance duk tsawon harif. Kowane babba ya riƙe yaro guda a hannu, kuma kada a ba wa teku baya don ɗaukar hoto.

7. Ku nuna wa yara cewa wurin nan ya girmi otal-otal ɗinsa. Arzikin Zufar na dā lubban ne, ƙaron wata bishiya da ake tsaga bawonta ya tsatso fari kamar madara, ya daskare a kankare. 'Yar'uwar hano ce ta dazukanmu, wadda ake kira ararraɓi a wasu wurare. A dā daga nan ake loda lubban a jiragen ruwa da ayarin raƙuma zuwa Masar da Rum da Indiya. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wurare huɗu na wannan fatauci cikin kayan tarihin duniya: Wadi Dauka inda itatuwan suke, da Shisr can bakin hamada, da Khor Rori, da Al-Balid.

Biyu na ƙarshe sun fi sauƙi ga mai yara. Al-Balid a cikin gari take, kangon tsohuwar tashar jiragen ruwa ce mai ragowar ginshiƙan babban masallaci, ga gidan tarihi a gefe inda za a fake wa yayyafi. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a wannan birni a ƙarni na 14, shi ɗin dai da daga baya ya je Mali har ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu. Khor Rori kuwa nan ne ruwan Darbat ke isa teku, kuma a kan tudun da ke kallonsa kangon Sumhuram yake, garin da mutanen Hadramaut suka gina tun kafin haihuwar Annabi Isa. Da yamma raƙuma kan sauko shan ruwa a ƙasan tudun. In lokaci ya ƙure har sai an zaɓi ɗaya, ni Sumhuram zan zaɓa.

8. Akwai wani kabari a kan dutsen Ittin, arewa da gari, da mutanen wurin ke danganta wa Annabi Ayyuba, da wani dogo ƙwarai a cikin gari da suke cewa na Imrana ne. Wasu ƙasashen ma suna da nasu kabarin da suke kira na Annabi Ayyuba, saboda haka a ɗauke shi a matsayin abin da aka gada ana faɗa. Mai zuwa ya je da ladabin maƙabarta. Hanyar kanta, mai hawa tana lanƙwasa cikin hazo, ta isa dalilin fita.

9. A kan hanyar dawowa daga Ittin ku tsaya wajen masu gashi. Suna shimfiɗa duwatsu a kan garwashi, in sun yi zafi su ɗora nama a kai, na rago ko na akuya ko na raƙumi, ba yaji ba ƙuli sai gishiri. Wanda ya taho da yajinsa a aljihu ya more. A cikin gari kuma, gefen gonakin da ke kusa da teku, rumfunan 'ya'yan itace sun jeru: kwakwa ɗanya da ake sare wa kai a miƙo maka da tsinken zuƙa, ƙananan ayaba masu zaƙi, gwanda da rake. Abincin yamma na yara ke nan a kuɗi kaɗan.

10. In akwai sauran kwana, ku nufi gabas wajen Mirbat. A Wadi Hinna akwai kukoki, kuka dai tamu ta miya, tsirarun da ake samu a wannan ɓangare na ƙasar Larabawa, baƙi na ta ɗaukar hoto da su kamar sun ga abin al'ajabi. A saman tsaunin akwai Tawi Atair, wani rami mai zurfin kusan mita 200 da tsuntsaye ke kwana ciki, amma ranar da hazo ya yi kauri ba abin da za ku gani sai fari. Ku tambayi masu saukowa kafin ku hau.

11. A kiyaye mutuncin masu gida. Shigarmu ta yau da kullum ta dace da wurin, ba sai an canza komai ba. Kada a ɗauki hoton mata, kada a shiga garken makiyayi ba sallama. Mutanen tsauni suna da harshensu, Jibbali, amma suna jin Larabci, kuma sallama da ɗan Larabcin islamiyya suna buɗe ƙofa. Juma'a da Asabar ne hutun mako, ranakun da wuraren shaƙatawa suka fi cika, don haka a je Darbat da Mugsail tsakiyar mako.

12. Tsaraba a bar ta sai ranar ƙarshe, a je kasuwar Haffa da yamma. Lubban hawa-hawa ne. Wanda ake kira Hojari, mai haske da ɗan ratsin kore, shi ne na sama, har jiƙa shi suke yi a ruwa su sha. Mai duhu na turara ɗaki ne, ya fi araha, kuma shi ya fi dacewa da rabon dangi da maƙwabta. Ku ce mai kaya ya ɗora ƙwaya ɗaya a garwashi ku ji ƙamshin kafin a auna. Hajiya ta taya, ana ragi. Kaskon turare na yumɓu mai zanen launi yana da kyau amma ba ya jure tafiya, a naɗe shi cikin zani a sa a jakar hannu, lubban ɗin kuma a ƙulle shi cikin leda biyu don kada zafi ya narkar da shi a jikin tufafi.