Darasin Kiwon Lafiya: Mai Jego da Ciwon Zuciya

Ya ku ɗalibai, da wuya a sami gida a nan Kebbe ko Kuchi ko Tambuwal da ba a yi suna a cikinsa ba cikin 'yan shekarun nan. Ran suna kowa idonsa na kan jariri da rago. To, darasinmu na yau kan uwar yake.

Ku sani, zuciya tsoka ce mai ɗaki huɗu, aikinta tura jini ko'ina cikin jiki dare da rana. Akwai wata cuta da takan kama mace tun daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata biyar bayan haihuwa. Tsokar zuciyar takan saki ta yi rauni, ta kasa tura jini sosai, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawanta, suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. A 2007 kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ya nuna a wajen haihuwa ɗari akan sami mace ɗaya mai ita. Wannan ba kaɗan ba ne. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka ga ba a nan gizo ke saƙa kaɗai ba: rama, da talauci, da ƙarancin wani sinadari na abinci mai suna seleniyam, duk suna da hannu. Amma fa kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, don haka wadda zuciyarta ta riga ta gaji ba ta kunun kanwa ba ce. Ku gaya wa kaka haka, amma cikin ladabi.

Yaya za ku gane ta? In kun ga mai jego tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tana farkawa tsakar dare numfashi na sarƙe mata tana tari, ga ƙafafu sun kumbura, in an danna yatsa sai ya bar rami, to kada a ce gajiyar haihuwa ce, kada kuma a jira arba'in. A kai ta asibiti a ranar.

A asibitinmu na kusa za a auna hawan jini, a saurari ƙirji, a ba da maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari. Tabbatar da cutar kuwa sai da hoton zuciya, shi ya sa akan tura ta Sakkwato. Tafiya ce, ga kuɗin mota, na sani. A nemi takardar turawa daga likita, a riƙe katin asibiti da kwalayen magungunan da ta sha, don kada a can a fara daga farko.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan sallama. Kumburi ya saɓe, sai a ajiye magani. Alhali tsokar takan ɗauki watanni kafin ta farfaɗo, wata ma ba ta komawa daidai. Jini kuma yakan daskare cikin zuciya mai rauni, ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Sabon ciki kafin likita ya sake duba zuciyar haɗari ne babba, wannan magana ta maigida ce.

Kai da ka iya karatu, ga naka aikin: rubuta wa Inna ranar komawa asibiti a bangon ɗaki, da boko ko da ajami, ka riƙa karanta mata lokacin shan kowane magani, ka kuma karɓe mata ɗibar ruwa da daka.