Abin da Ke Faruwa a Jikin Ɗan Kallo Ranar Wasan Ƙwallo

Gabatarwa

Kaduna gari ne na ƙwallon ƙafa tun ba yau ba. A filin wasa na Ahmadu Bello aka buga wasu daga cikin wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Haka kuma a unguwanni irin su Unguwar Kanawa da Kawo da Badarawa, da wuya a sami fili ko makarantar da ba a taka leda a cikinta da yamma. Ranar da babban wasa ya kama kuwa, tun da hantsi ake fara musu a teburin mai shayi: wa koci zai sa a gaba, 'yan baya nawa za a jera, ƙwallo nawa za a ci. Wani ya kasa cin abinci, wani tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, alhali babu ɗayansu da zai taɓa ƙwallon.

Wannan darasi zai yi bayanin dalilin haka ta fuskar ilimin halittu. Abin da za mu gani shi ne, jikin ɗan kallo yana shiri ne kamar shi zai shiga fili, kuma wannan shiri yana da daɗinsa, yana da haɗarinsa.

Ɗokin jira

Ƙwaƙwalwa ba ta jiran abu ya faru, kullum cikin hasashe take. Ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su shi ne dofamin. Wani masani mai suna Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun yi nazarin waɗannan ƙwayoyi a kan birai, suka bayyana sakamakonsu a shekarun 1990. Sukan nuna wa biri wata alama, jim kaɗan sai su ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace a baki. Da farko ƙwayoyin dofamin kan zabura ne lokacin da ruwan ya iso. Amma da birin ya saba, sai suka koma zabura tun lokacin da alamar ta bayyana. In kuwa aka nuna alamar aka hana ruwan, sai aikinsu ya yi ƙasa. A wani binciken na 2003 an gano cewa motsinsu yayin jira ya fi ƙarfi idan damar samu da ta rashi sun yi kunnen doki.

Wannan ya bayyana mana abubuwa biyu. Na farko, daɗin wasa yana somawa tun kafin alƙali ya busa usur, shi ya sa musun tsarin 'yan wasa ba ya gundurar masu yin sa. Na biyu, nasarar da ba a zata ba ta fi wadda aka sa rai daɗi. Alal misali, a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Birazil na gaban Nijeriya da ci 3 da 1, amma aka tashi Nijeriya na da 4 Birazil na da 3. A wasan ƙarshe kuma Nijeriya ta doke Ajantina 3 da 2, inda 'ya'yan Kaduna biyu, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, kowannensu ya jefa ƙwallo. Har yau ana labarin wasan Birazil, domin ya zo ne bayan mutane da yawa sun fid da rai.

Ya kamata ɗalibai su lura cewa wannan hanya ta dofamin ita ce caca ke bi ta kama mutum. Wanda ya sa kuɗi a kan wasa ya ɗaura wa ƙwaƙwalwarsa igiyar da ke da wuyar kwancewa.

Faɗa ko gudu

Da wasa ya kusato, sai wani sashe na jiki ya karɓi aiki. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutun nama da ke zuba sinadarai cikin jini. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai ta aika masa umurni ta jijiyoyi, ya saki sinadarin adirenalin cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bayan wasu mintoci kuma sai kotizol ya biyo baya. Masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami'ar Harvard shi ya fayyace wannan yanayi a 1915, kuma ana kiran sa shirin faɗa ko gudu.

Ga abin da ke faruwa. Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana harba jini kimanin lita 5. Adirenalin kan ƙara mata sauri da ƙarfi, matsin jini ya hau. Hanta ta saki sukari cikin jini. Hanyoyin iska na huhu su buɗe. A rage jinin da ke zuwa ciki da hanji, a karkata shi zuwa tsokoki. Yawu ya ragu, gumi ya tsattsafo. Saboda haka bushewar baki da ɗaurewar ciki da rashin sha'awar abinci ranar wasa ba ciwo ba ne, jiki ne ya jingine narkar da abinci don yana ganin akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Wannan shiri ya dace da manomin da ya yi kiciɓis da kububuwa a gona, ya kuma dace da ɗan wasan da zai yi gudun kimanin kilomita 10 cikin minti 90. Ɗan wasa yana ƙone sukarin da aka saki. Ɗan kallo kuwa yana zaune a kan benci, injinsa na ruri amma motar ba ta tafiya.

"Mun ci" da "an ci su"

To, me ya sa jiki ke ɗaukar wasan wasu a matsayin barazana gare shi? Amsar ita ce, ɗan Adam halitta ce mai zaman taro, kuma yakan ɗauki ƙungiyarsa tamkar wani sashe na kansa. A 1976 Robert Cialdini da abokansa sun wallafa nazarin da suka yi a jami'o'i bakwai na Amurka, inda gasar ƙwallon jami'o'i, irin tasu da ake runguma a ruga da ita, ke tara dubban 'yan kallo. Sun lura cewa ɗalibai sun fi sanya riguna masu tambarin jami'arsu ranar Litinin idan ƙungiyarsu ta yi nasara. Bugu da ƙari, sun fi cewa "mu" in an ci, su koma cewa "su" in an sha kashi. Duk wanda ya saurari hirar magoya baya a nan gida ya san wannan hali.

Son kai na ƙungiya yana shafar har abin da ido ke gani. A 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth sun yi wani wasa mai cike da ƙeta. Daga baya Albert Hastorf da Hadley Cantril suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifuffuka. Laifin da ɗaliban Princeton suka gani a wajen 'yan Dartmouth ya ninka wanda ɗaliban Dartmouth suka gani a wajen nasu fiye da sau biyu. Fim ɗaya ne, amma kamar wasa biyu aka kalla. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Don haka idan mai goyon baya ya ce bana kofi nasu ne, ko ya rantse alƙali ya ci zalinsu, ba lalle ƙarya yake yi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta tace masa hujjoji.

Inda haɗarin yake

Ga matashi mai ƙoshin lafiya, wannan hawa da sauka ba ya cutarwa. Da an tashi wasa jiki kan koma daidai. Amma ba haka abin yake ga mai hawan jini ko mai ciwon zuciya ba. Idan kitse ya taru a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kanta, hanyar jini takan tsuke. Adirenalin na sa zuciya buƙatar ƙarin iskar shaƙa, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Matsin jinin da ya hau farat ɗaya kan iya fasa wannan tarin kitse, gudan jini ya toshe hanyar, wani sashe na tsokar zuciya ya fara mutuwa.

Likitoci sun ga alamar haka a ƙididdiga. A ranar 30 ga Yuni 1998 Ajantina ta fitar da Ingila daga gasar cin kofin duniya da bugun fanareti, kuma yawan waɗanda aka kwantar a asibitocin Ingila saboda toshewar jijiyar zuciya ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a ranar da kwana biyun da suka biyo baya. A gasar 2006 kuma, likitocin yankin Munich sun gano cewa a ranakun da Jamus ta buga wasa, matsalolin zuciya na gaggawa sun ninka fiye da sau biyu da rabi, kuma sun fi yawa cikin awa biyun farko da fara wasa. Wasa irin na ƙarshen Kofin Tarayya na 2010, wanda Kaduna United ta doke Enyimba da bugun fanareti, shi ne irin wanda ke kai zuciya maƙura.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna. Likitoci na ɗaukar awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin hawan jini. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya tsallake shi ranar wasa. Ya rage goro da kofi da lemukan ƙara kuzari, domin sinadarin kafin da ke cikinsu na ƙara wa zuciya aiki, ya kuma nisanci taba. A gidan kallo mai cunkoso da rufin kwano, musamman a zafin Maris da Afrilu, a nemi wurin iska, a sha ruwa. In mutum ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, mai yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a ce sai an tashi wasa.

Aikin gwaji

Malami na iya tabbatar wa ɗalibansa wannan darasi da agogo da takarda kawai, a ranar wasan gidaje ko na makarantu.

1. Ɗalibi ya ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4.

2. A auna a zaune sau huɗu: kwana ɗaya kafin wasa, minti 10 kafin a fara, lokacin hutun rabin lokaci, da minti 30 bayan an tashi.

3. A kasa ɗalibai uku: magoya bayan wannan ƙungiya, magoya bayan waccan, da 'yan ba-ruwanmu. Kaso na uku shi ne ma'aunin kwatance, domin su ma suna cikin rana da hayaniya iri ɗaya.

4. Kowane ɗalibi ya rubuta yawan ƙetar da ya ga kowace ƙungiya ta yi, ba tare da shawara da kowa ba.

5. A fitar da matsakaicin kowane kaso, a zana jadawali, a tattauna: wane lokaci bugu ya fi hawa? Shin ƙirgar ƙeta ta zo ɗaya?

Kammalawa

Mun ga cewa ɗoki da fargaba da musun ranar wasa duk suna da tushe a ƙwaƙwalwa da jini. Sanin haka ba ya rage daɗin kallo, sai dai ya koya mana sassauta wa abokin hamayya da alƙalin wasa, tunda idonmu ma ba adali ba ne. Ya kuma ɗora wa ɗalibi nauyi: ya tambayi mahaifinsa ko yayansa mai son ƙwallo yaushe rabonsa da auna jini. Rigakafi dai ya fi magani.